Tambaya da Amsa: Firinta mai allura da tsofaffin kwamfutoci

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan makon kusan duk akan tsofaffin kaya ne, sai na ware guda uku na haɗa su wuri ɗaya.

Ta farko daga wani Alhaji mai shagon kayan gini a Garwa. Yace: "Malam ina da Epson LX-300+, shekara da shekaru da ita nake fitar da faktir mai kwafi uku. Yanzu rubutun ya dusashe, kuma akwai wani siririn farin layi da yake ratsa haruffan tun daga farko har ƙarshe. Yarona yana ɗiga tawadar tampo akan ruban ɗin in ya bushe. In jefar da ita ne in sayi leza?"

Alhaji dan Allah kar ka jefar. Firintar leza bazata maka wannan aikin ba, domin ita bata dukan takarda, kai kuwa kwafinka na biyu da na uku dukan nan ne yake fitar dasu. A cikin kan firintarka, wato ɓangaren da yake kai da komowa yana rubutu, akwai allurai 9 a jere, su suke caccakar ruban ɗin, wato siririn ƙyallen nan mai tawada, ya bar ɗigo ɗigo akan takarda, ɗigon ya haɗu ya zama harafi. Na Epson duk wadda kaga LX allura 9 ce, LQ kuwa 24, shi yasa rubutunta yafi sumul.

Matsalarka biyu ce ba ɗaya ba. Dusashewar daga ruban ne, wannan mai sauƙi ce, sabo zaka saya. Farin layin kuma allura ɗaya ce ta daina fitowa, kuma inaga tawadar tampon nan ta buga hatimi ce ta jawo. Tawadar ruban ta asali da mai ake haɗa ta, yayin da allurai suke aiki ita take shafa musu mai su riƙa shiga da fita sumul, ta tampo kuwa galibi ruwa ce, tana shiga ramukan ta bushe ta daskare, daga baya tsatsa ta biyo. Na taɓa buɗe wani kai da aka daɗe ana ma haka, wallahi bakinsa kamar ƙanzon tukunya, baƙi ƙirin ya cushe ramukan, sai da na sa farce na kankare kafin ma naga inda alluran suke. Kar ka yi ma yaron faɗa, tattali yake maka, kawai a nuna masa ya daina.

Ga yadda za ayi. Cire waya daga kuran, a bari kan ya huce dan yana zafi sosai bayan aiki, a cire ruban. A samu alkol mai digiri 90 na famasi a jiƙa bakin kan kaɗai, wajen da alluran suke leƙowa, kar a tsoma shi gaba ɗaya. A goge da tsumma mai laushi, a bari ya bushe sarai. Sai a sa sabon ruban, a danne maɓallin LF/FF a kunna firintar ana danne dashi, zata fara buga gwajinta da kanta ba tare da kwamfuta ba. In layin ya tafi Alhamdulillahi. In yana nan toh ko allurar ta karye ko kuma faffaɗar wayar nan mai kamar leda da take bin kan ta tsage, nan sai mai gyara, a canza kan ko wayar kawai.

Wasu abubuwa da nake so ka kula dasu: akwai ɗan hannu a gefe ta ciki wanda yake matso da kan ko ya ja shi baya. Mutane in rubutu ya dusashe sai su matse shi har ƙarshe dan ya ƙara baƙi, alhali takardar mai kwafi uku ce tana da kauri, haka allura take karyewa. Tsohon ruban da ya fara zarewa shima yana kama allura ya lanƙwasa ta. Sandar ƙarfen da kan yake gudu akai kuma a goge ta a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu, banda man gyaɗa dan yana zama danƙo, kuma kar a cika mai, ƙurar hunturu in ta samu mai taɓo take zama. In an tashi shago a rufa mata zane.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah dake riƙe da lissafin wani kanti a Marwa. Tace tsohuwar kwamfutarsu ta mutu an kawo wata mai Windows 7 amma bata da faffaɗan ramin nan na firinta, ta sayi waya mai USB, Word yana bugawa lafiya lau, amma tsohon shirin lissafinsu na DOS, tsarin kwamfuta na kafin Windows, ya ƙi, sannan can baya ma wani lokacin é da è sai su fito wasu alamu daban.

Hajiya wayarki lafiyarta ƙalau. Tsohon ramin mai huji 25 sunansa a wajen kwamfuta LPT1, kuma shirin DOS shi kaɗai ya sani, duk abinda zai buga can yake turawa. Wayar USB kuwa Windows wani suna yake bata, USB001, kinga shirin yana aika saƙo gidan da babu kowa. Hanya mafi kwanciyar hankali a sayi ɗan kati mai wannan ramin, PCI ko PCIe gwargwadon abinda kwamfutar take dashi, a soka a ciki a saita shi ya zama LPT1. In ba'a samu ba akwai dabara: a buɗe rabon firintar a Windows, wato saitin da yake barin wasu kwamfutoci suyi amfani da ita, a bata gajeren suna, sai a rubuta umarnin net use LPT1 tare da sunan kwamfutar da na firintar, daga nan duk abinda shirin ya tura LPT1 sai ya zagayo ya faɗa USB. Ki kiyaye kar wani ya canza miki Windows ɗin zuwa mai 64 bit, tsofaffin shirye-shiryen DOS basa tashi a kansa kai tsaye.

Maganar é kuma, firintar tana da jadawalin haruffa a cikinta, dole wanda take kai ya dace da na shirin. A shiga saitinta a gwada PC850, shi aka fi amfani dashi a DOS na Faransanci. Namu ƙ da ɗ da ɓ kam babu su a ciki, in kina son su fito sai ta Word, a nan firintar zana su take kamar hoto, zata ɗan yi nawa amma zasu fito.

Ta ƙarshe wani ɗalibi ne daga Kusiri, kawunsa ya bashi tsohuwar kwamfuta Pentium 4 mai Windows XP, kullum in ya kunna sai kwanan wata ya koma baya tace ya danna F1, da rana kuma sai ta ɗauke da kanta. Yana tambaya me zai ƙara mata tayi sauri.

Ƙanena kwanan watan batir ne, ɗan zagaye kamar kwabo akan babban allon ciki, CR2032 mai volt 3, masu gyaran agogo suna dashi. Ɗaukewa da rana kuwa zafi ne, kai kasan yadda Kusiri da Njamena suke a watan uku da na huɗu, digiri 40 ba labari bane, ga Pentium 4 dama ita mai zafi ce tun fitowarta a 2000. Buɗe ta ka fitar waje, zakaga ƙura ta saƙa bargo tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya, ka hure ta tas, ka riƙe fankar da yatsa kar ta riƙa juyawa da ƙarfin iskar, ka goge tsohon farin man da ya bushe akan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar dake ƙarƙashin ƙarfen sanyayan, ka sa sabo kamar ƙwayar dawa. Kana ciki ka duba ƙananan gwangwanayen nan dake tsaye kusa da furosesa, samansu ya kamata ya zama a shafe, in kaga ya kumbura ko yana fitar da wani abu ruwan ƙasa toh sun lalace, injinan wancan zamanin sun sha wannan ciwon, mai gyaran rediyo ko talabijin zai iya canza su. Ka leƙa baya wajen shigar wuta, in akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230 ya zauna akan 230, kar ka bari yara su taɓa shi, kuran ɗinmu 220 ne. Ka sa mata regilate mai daidaita ƙarfin wuta ko ondile mai riƙe ta in wuta ta ɗauke, in da hali.

Sauri kuma RAM ne farko, wato ɗan siririn katin da kwamfuta take riƙe aikin da take kai a ciki. Ciro wanda yake ciki ka tafi dashi kasuwa a hannunka, dan iri iri ne, DDR da DDR2 basa shiga ramin juna, kuma giga 2 ya ishe XP, ko ka sa 4 bazai ga fiye da uku da ɗan kai ba. In allon yana da SATA, ƙaramin ramin haɗa diski, ƙaramin SSD, wato sabon irin diski mai sauri, zai canza ta sosai, in faffaɗar igiyar IDE mai fil 40 ce kaɗai sai da adafta.

Amma gaskiya zan faɗa maka, ni bazan zuba kuɗi da yawa a ciki ba. Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014, kar ka hau intanet da ita, kar ka buɗe wani asusunka a kai. Koyon buga rubutu, Word, Excel, karanta darussa, wannan zata maka shi ba gardama. Kafin ka kwance ko da kusa ɗaya ka fara kwashe takardunka a kile USB, dan diskin da ya kai wannan shekarun in kaji ya fara ƙas ƙas toh ba lallai ya baka gobe ba.