Ciyawar leda ga dokin da ƙura ke sa wa tari

Ɗana, na ji tambayarka a kan dokin nan da ya fara tari tun da ka kwance sabon damin ingirici. Ka ce likitan dabbobi ya duba shi, ya ce fuka ce, a raba shi da busasshiyar ciyawa a koma masa heleji, wato ciyawa mai ɗan laima da ake naɗewa a leda. Sai ka ce: "Maigida, ban taɓa sayen heleji ba. Wanne zan ɗauko, kuma yaya zan gane mai kyau alhali a naɗe yake cikin leda?" Ka kyauta da ka tambaya tun kuɗin yana hannunka, domin a nan ne mutane da yawa suke gudun gara su faɗa wa zago.

Ka fara sanin abin da kake gudu. Gobe da safe, idan hasken rana ya ratso ƙofar barga, ɗebi ingirici cikin hannu ka girgiza a cikin hasken. Wata ƙurar za ta zube ƙasa nan take, wannan hancin doki yana tare ta. Wata kuwa za ta tsaya a iska kamar hazo, ta ƙi sauka. Ita ce mugunyar. Ƙanƙantarta ba ta wuce maikiron 5 ba, silin gashi ya ninka ta kauri fiye da sau goma, shi ya sa take zarcewa har ƙarshen huhu. Yawancinta irin fumfuna ne da ƙwayoyin cuta da suka tsiro a ciyawar saboda an ɗaure ta ba ta gama bushewa ba. Doki kuma sa'o'i yake kwashewa hancinsa na cikin ciyawa, yana ci yana shaƙa. Wanda jikinsa ba ya jure wa wannan, hanyoyin iskarsa sai su kumbura su matse, majina ta taru. Tsaya gefensa ka kalli cikinsa, za ka ga idan zai fitar da numfashi sai ya ƙara turowa da tsokar ciki. In abin ya daɗe, har zanen tsokar yake fitowa a gefen cikin daga yawan wannan turo.

Heleji, wanda ni nake ce wa ciyawar leda, ciyawa ce da ake yanka a bar ta ta sha iska kwana ɗaya ko biyu, ta yi yaushi amma ba ta bushe ba, sannan a dunƙule ta da ƙarfi a naɗe da leda. Ingirici mai kyau ruwan jikinsa bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Ciyawar leda kuwa tana riƙe da kashi 30 zuwa 50. A cikin ledar ɗan iskan da ya rage yakan ƙare, ƙwayoyin nan masu sa madara tsami su ɗan tsamama ciyawar. Fumfuna ba ta rayuwa inda babu iska, ɗan irinta da ya shigo daga gona kuma laima ta manne shi a jikin ciyawa, ba ya tashi ya shiga hanci. Amfaninta ke nan kaf, kuma duk ya dogara a kan ledar. Ranar da iska ta samu ƙofa, ga laima ga ɗumi, fumfuna za ta fi jin daɗin wannan ƙunshin a kan ingiricin da ka baro.

Don haka idan ka je wurin mai sayarwa, kada ka tsaya a ƙunshin da ya ajiye a gaba don nunawa. Zagaya bayan tarin. Ka bi kowane ƙunshin da za a loda maka da ido da tafin hannu, musamman kusurwoyi da ƙasansa, inda ɓera da tsuntsu da ƙarfen loda kaya suke hudawa. Huji kamar na allura ma huji ne. Danna ledar da babban yatsa, ka ji ta ɗame kamar fatar ganga, ƙunshin ya yi tauri bai loɓa ba. Wanda ya saki jiki, ko ya karkace, ko ka ga ruwa ya kwanta a ƙasansa, bar musu. In ka ga an manna salatif a wani wuri, an taɓa hudawa ke nan, kuma ba wanda zai iya gaya maka kwana nawa hujin ya yi a buɗe kafin a toshe. Ga lafiyayyen doki wasu sukan yanke gefen su ba da sauran. Ga mai fuka ban yarda ba ko kusa. Tambayi mai sayarwa ninki nawa aka naɗe ledar. Ƙasa da 6 bai isa ba, 8 ya fi kwantar da hankali, domin ciyawar doki tana da kara mai tsini da ke sokin leda daga ciki. Tambaye shi kuma yaushe aka naɗe, don ana so ta yi kamar mako 6 a rufe kafin a fara ba da ita.

Yanzu girman ƙunshi, inda ni kaina na taɓa cutar da doki. Shekarun baya ina riƙe da wata goɗiya mai irin wannan tarin. Na sayo mata babban ƙunshi mai kilo wajen 250 saboda ya fi sauƙin kuɗi a kan kowane kilo. Kwana uku na farko tarin ya lafa, har na fara murna. A kwana na shida na zura hannu cikin ƙunshin har gwiwar hannu, na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na ɗaga wani gefe na ga toka-toka mai gashi ta fara bin ciyawar. Kafin in ankara ta riga ta ci daga ciki, daren nan kuwa na kwana a barga ina jin kukan ƙirjinta. Fiye da rabin ƙunshin na zubar. Araha ba ta ado. Ƙunshin da aka buɗe kwana 3 zuwa 5 ne iyakarsa, lokacin zafi ma bai kai haka ba. Doki ɗaya zai yi kwana 20 kafin ya cinye kilo 250. Sai kana da dawaki biyar ne za su gama da shi cikin kwana huɗu. Kai da ke da guda ɗaya, sayi ƙananan ƙunshi masu kilo 20 ko kusa da haka, kowanne ya ƙare cikin kwana biyu.

Kafin ka biya na lodi guda, sayi ɗaya a buɗe a gabanka. Mai kaya na gari ba ya ƙin haka. Sa hancinka. Mai kyau yana da ƙamshi mai ɗan tsami-tsami, mai daɗin shaƙa, launinsa kore ne da ya ɗan koma ruwan zuma, taɓinsa da taushi da sanyi. Matse dunƙule a hannu, tafinka ya yi ɗan laima amma kada ruwa ya ɗiga. Idan tsamin ya buge ka har ka kawar da kai, ko ka ji ɗoyin ruɓa, ko zarni, ko ƙauri kamar na taba, mayar da ledar ka tafi. Ƙaurin nan yana nufin ciyawar ta yi zafi a ciki. Wani lokaci za ka ga fararen ɗigo-ɗigo masu laushi, a ce maka yis ne ba fumfuna ba, ba ya cutarwa. Sau da yawa gaskiya ne, amma sai ido ya goge yake raba su, kai kuwa yanzu ka fara. Duk inda ka ga fari, ko shuɗi, ko baƙi a ciyawar mai fuka, ƙi ta.

Akwai abin da ya fi tari muni, ka saurara da kyau. Warware ciyawar ka duba ko akwai dunƙulen ƙasa ko mushen ɓera ko tsuntsu da injin ya haɗa da ita. A cikin ƙasa da mushe akwai ƙwayar da ke haifar da botulizim, kuma ita wurin da babu iska take so, wato cikin leda. Gubarta tana shanye jijiya, doki kuma yana cikin dabbobin da ɗan kaɗan yake kayarwa. Alamarta harshe ya saki, yawu na zuba, abinci na faɗowa daga baki, jiki na rawa, ya riƙa kwanciya. In ka ga haka ka kira likita a lokacin, kada ka jira safiya. Ƙunshin da ka samu mushe a ciki a zubar da shi gaba ɗaya. Saboda wannan ne kuma ba a ba doki jiƙaƙƙiyar ciyawar da ake tsamama wa shanu, ko da mai ita ya ce duk ɗaya ne.

Irin ciyawar ma ka tambaya. Wadda aka yanka tana ɗanya shataf, kamar raigiras, ƙarfinta da sukarinta suna da yawa, ta dokin da ke aiki tuƙuru ce. Naka da numfashi ya hana aiki, nema masa wadda ta ƙosa kafin a yanka, mai kara da zare, kamar timoti. Nemi takardar awon ciyawar. In dokin mai ƙiba ne ko ya taɓa kumburin kofato, sukari da sitacin kada su wuce kashi 10 zuwa 12 na busasshen nauyi.

Wajen bayarwa, kada ka bi masu cewa ciyawar leda ta fi ƙarfi don haka a rage. Kusan rabin abin da kake ɗagawa ruwa ne. Doki yana bukatar aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa a busasshiyar ciyawa kowace rana. Mai kilo 500 ke nan kilo 7.5. Da ingirici, kilo 9 ya biya. Da ciyawar leda mai ruwa kashi 40, sai kilo 12.5. Rataye sikeli a barga ka riƙa aunawa, ido yana yaudara. Canjin kuma a hankali, cikin kwana 7 zuwa 14, kana ƙara sabuwa kana rage tsohuwa, don cikin doki ba ya son canjin gaggawa, murɗa yake kawowa. Ingiricin da zai ci a kwanakin nan ka nutsar da shi cikin ruwa minti 10 zuwa 30, ya ci tun yana jiƙe, domin in ya bushe ƙurar ta dawo. Ka riƙa duba kashinsa, wasu sukan yi ɗan ruwa-ruwa da farko.

Ƙunshin da ka kawo ka jera su a kan katako mai santsi, a inuwa, nesa da ƙaya da ɓera, kada kuma ka ja su a ƙasa. Zuba wa dokin ciyawar a wuri mai tsabta a ƙasa ya ci kansa a sunkuye, majina ta samu hanyar fita. Cire karan da yake kwana a kai ka sa shimfiɗa marar ƙura. In maƙwabcinsa yana cin ingirici, iska ɗaya suke shaƙa, sai ka raba su ko ka canza wa duka biyun. Fitar da shi waje kafin ka ɗauki tsintsiya, kuma ka bar tagogi a buɗe ko da sanyi.

Tun yau, kafin ka canza komai, ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana tsaye a natse. Lafiyayyen doki yana yin 8 zuwa 16. Rubuta adadin a bangon barga kowace safiya, tare da sau nawa ka ji ya yi tari. Maganin da likita ya bayar ka ci gaba da shi yadda ya ce. Bayan mako biyu ka kawo mini lissafin da ɗan dunƙulen ciyawar in shinshina, in kuma adadin yana hawa ne, kada ka jira ni, koma wurin likitan.