Tambaya da Amsa: Me ya sa tallafin Naira 25,000 bai iso ni ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bazawara ce mai 'ya'ya biyar. An rubuta sunana a unguwa don tallafin gwamnatin tarayya, amma har yau shiru. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yaran nan.

A watan Oktoban 2023 aka ƙaddamar da shirin: Naira 25,000 duk wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. Ba fom ake cikewa a intanet ba. Daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa ake zaɓo sunaye, wadda jama'ar unguwa ke tantance waɗanda za su shiga, jami'ai kuma su zo gida su yi tambayoyi.

Inda aka fi samun cikas shi ne lambar NIN, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Idan sunan da ke rajista ya saɓa wa na NIN ko na asusun banki, ko da harafi ɗaya ne, misali Hauwa a nan, Hauwa'u a can, kuɗin na iya maƙalewa. Haka ma idan asusun ya daɗe ba a taɓa shi ba, ko layin wayar da kika bayar ya mutu.

Ki ɗauki takardar NIN da BVN ɗinki (lambar tantancewa ta banki), ki je sakatariyar ƙaramar hukumarku, ki nemi jami'in rajistar ya duba sunanki harafi da harafi. Rajista kyauta ce. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar sirrin katinki, ɗan damfara ne, kada ki ba shi.