Tsohuwar tarakta da sana'ar kwashe dusar ƙanƙara: in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye da ke wajen Ottawa a Kanada, ina ɗan sayar da kayan abincin gida, amma da sanyi ciniki kan ja baya. Wani manomi maƙwabcina zai sayar mini da tsohuwar taraktarsa Massey Ferguson 135 da sauƙi. Ina so in riƙa kwashe wa mutane dusar ƙanƙara daga hanyar shiga gidajensu, su biya ni kuɗin lokacin sanyi gaba ɗaya tun farko, in biya kuɗin taraktar da shi. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Aiki kam akwai shi, tunda dusar da ke zuba a Ottawa a shekara takan haura santimita 200. Taraktar ma ba ni da ja a kanta. An ƙera samfurin 135 tsakanin 1964 da 1975, ƙarfinta wajen doki 45 ne, kuma mai injin dizal na Perkins ta yi suna wajen juriya. Kayan gyaranta ba sa wuyar samu har yau. Inda nake jin tsoro shi ne karɓar kuɗin mutane tun kafin dusar ta sauka.

Wanda ya biya ka a Nuwamba, abin da ya saya shi ne ya fito da asuba ya tarar da hanya a buɗe, ya tafi aiki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To ga ka da inji guda ɗaya tak, wanda ya kai shekara 50. Ranar da aka kwana ana zuba ita ce ranar da kowa ke jiranka a lokaci guda, kuma sau da yawa tsananin sanyi na biyo bayanta: batir ya yi rauni, dizal ya daskare ya toshe filta. In ta ƙi tashi, kuɗin ka riga ka miƙa wa manomi, sai ka ɗauko hayar wani daga aljihunka, a ranar da kowane mai inji ke tsada. Saboda haka a shekarar farko ka yi ciniki a kan kowane zuwa: ka kwashe, a biya ka. Kuɗin ba zai zo a dunƙule ba, amma ba ka ɗauki bashin kowa ba. Ku rubuta a takarda yawan dusar da za ta sa ka fito; da yawa kan sa santimita 5.

Kafin ka biya, je ka gan ta da sassafe ba tare da ka faɗi lokacin zuwanka ba. Ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ka iso, ka dawo wata rana. Sannan a maƙala mata abu mai nauyi a baya, a ɗaga, a kashe injin, ka tsaya ka ga ko zai riƙa sauka da kansa; in yana sauka, na'urar ɗagawarta na da matsala.

Farashin da aka faɗa maka kuwa somin taɓi ne. Tayoyin baya kaɗai ke ja, don haka dole sarƙar taya da ƙarin nauyi, sai hitar inji da ake jona wa wuta, da fitilu, da alamar nan mai kusurwa uku ruwan lemo ta abin hawa mai tafiyar hawainiya. Na'urar feso dusa a baya ake ɗaura ta, da baya da baya ake aikin, wuya a karkace, kuma yawancin irin taraktar ba su da rumfa. Ka tambayi jikinka.

Babban kuɗin da sababbin shiga ke mantawa shi ne inshora. Wani ya zame a inda ka share ya karye, kai ma za a iya shigar da kai ƙara. Dokar Ontario, lardin da Ottawa take ciki, ta ba shi kwana 60 ya aiko da sanarwa a rubuce. Inshorar gida ko ta gona ba lallai ta ɗauki aikin da ake biyanka ba. Ka samo farashin inshorar sana'ar tukuna, domin shi zai nuna maka ko gidajen da kake da su za su fitar da riba. In ƙauyenku na ƙarƙashin hukumar birnin Ottawa, akwai lasisin masu wannan aiki, kuma tura dusa kan titi laifi ne a Ontario. Cinikinka kuma, har da na shagon in duk da sunanka kake yi, in ya wuce dala 30,000 a shekara, rajistar HST, wato harajin da ake ɗorawa a kan ciniki, ta hau kanka.

Ni dai da ni ne, zan saya in inshorar ta yi daidai, kuma da kuɗina. Zan tsaya ga gidajen da ke kan hanya ɗaya kusa da ni, don tarakta ba ta gudu, tafiya mai nisa mai kawai take sha. Shi manomin kuma, tun kafin kuɗi su shiga hannunsa, ku yi magana: in yana da wata taraktar, nawa zai karɓa ya fito a madadinka ranar da taka ta ƙi tashi.