Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ambaton Madogarar Alƙaluma a Kundin Bincike

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta kundin digirina na biyu kan lafiyar ƙananan yara, na kuma yi amfani da alƙaluman binciken NDHS na 2018, wato binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya, amma malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu cike da jan biro, yana cewa ban nuna madogara yadda ya kamata ba. Ina kuskurena yake? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Da farko ki bambance rahoto da ɗanyen bayanan da aka gina shi a kansu. Idan daga rahoton kika ɗauko adadi, marubutansa su ne Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa da kamfanin ICF, kuma shekarar da za ki rubuta ita ce 2019, lokacin da aka wallafa shi, duk da cewa a 2018 aka gudanar da binciken. Ki ƙara lambar shafi da ta jadawali, domin mai dubawa ya buɗe ya ga adadin da idonsa.

Idan kuwa ɗanyen bayanan kika sauke kika yi lissafinki a kwamfuta, sai ki ambaci sunan fayil ɗin, da shafin intanet ɗin da kika samo shi, da ranar da kika sauke, sannan ki bayyana cewa lissafin naki ne. Ranar tana da muhimmanci ƙwarai, saboda hukumomi irin su Bankin Duniya sukan sabunta alƙalumansu, adadin da kika gani bara ya canja bana. Kada kuma ki dogara da jarida a matsayin madogarar adadi alhali rahoton asali yana nan.