Tambayi Likita: Shan Wiwi a Wurinmu da a Wurin Wasu

Wasiƙun da suka iso a wannan makon sun fi karkata ga tabar wiwi, musamman yadda shanta ya bambanta daga wani yanki zuwa wani. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Wani malamin sakandare daga Talata Mafara ya rubuto: "Likita, gardama ta kaure a majalisarmu. Wasu sun ce Arewa ta fi ko'ina shan wiwi a Najeriya, wasu sun ce Kudu ce. Ina gaskiyar take?"

Malam, binciken da aka fi dogara da shi a wannan fanni shi ne wanda Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar, mai ɗauke da alƙaluman shekarar 2017. Ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba sigari, a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Da aka rarraba shaye-shayen baki ɗaya bisa shiyyoyi, Kudu maso Yamma ce kan gaba da kashi 22.4 cikin 100, sai Kudu maso Kudu da kashi 16.6, yayin da shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ta tsaya a kashi 12. Wannan bai zo da mamaki ba, domin a dazuzzukan Ondo, Edo, Osun da Delta ake noma mafi yawan wiwin ƙasar nan, daga can ake ɓoyo ta cikin lodin kaya zuwa Arewa, kuma inda abu ya yi araha nan ake yawan shansa.

Sai dai kada 'yan majalisarku su yi saurin tafi. Irin wannan bincike tambayar mutane ake yi, kuma saurayin da ya taso a gidan da ko sigari abin kunya ne ba lallai ya faɗa wa baƙo gaskiya ba. Ban da haka, salon shan ma daban ne. A wasu sassan Kudu ana jiƙa ganyen cikin barasar gargajiya ko a dafa shi cikin abinci, mu kuwa a nan an fi naɗe shi a takarda a busa, sannan a bi shi da tiramol, ko maganin tari mai kodin, ko ƙwayoyin sa barci. Wannan haɗe-haɗen shi ya fi tayar mini da hankali, domin shi ke kawo mana matasa asibiti suna farfaɗiya ko numfashinsu na sarƙewa. Binciken ya kuma nuna cewa maza sun ninka mata kusan sau bakwai a shan wiwi, amma tazarar ba ta kai haka ba a maganin tari, wanda ba shi da hayaƙi balle warin da zai tona asiri a cikin gida.

Wani ɗalibi daga Gusau ya ce: "Likita, na ji Kanada da Jamus sun halatta wiwi. Da tana da illa, ƙasashe masu ilimi irin waɗannan za su bari a sha?"

Ƙanena, labarin da ka ji gaskiya ne. Yurugwai ce ta fara halatta ta a ƙasa baki ɗaya a 2013, Kanada ta biyo baya a 2018, Jamus kuma a 2024 ta yarda baligi ya riƙe ɗan ƙayyadadden adadi ya kuma shuka tushe uku a gidansa. A Amurka jihohin Kolorado da Washinton suka buɗe ƙofar a 2012, ko da yake dokar tarayya ba ta halatta shan nishaɗi ba. A nahiyarmu kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke hukunci a 2018 cewa ba laifi ba ne baligi ya sha a keɓe, Maroko kuwa a 2021 ta amince da noman ta ne don magani da masana'antu kawai.

Hujjar da mafi yawan waɗannan gwamnatoci suka kafa ita ce kame da ɗauri sun kasa rage shan, don haka gara a ƙwace kasuwar daga hannun 'yan fasa-ƙwauri, a san ƙarfin abin da ake sayarwa, a kuma hana shi isa ga yara. Babu wadda a cikinsu ta ce wiwi ba ta da illa. A Kanada dole ne a buga gargaɗin lafiya a jikin kowane ƙunshi. Giya ma halal ce a dokokinsu, hanta kuwa ba ta daina lalacewa ba saboda haka.

Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya duba wurare 11 a Turai da Birazil, ya gano cewa mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku a haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfi yake sha kullum haɗarin ya kusa ninki biyar. A Amsterdam, inda mai ƙarfin ta cika kasuwa, masu binciken sun ƙiyasta cewa rabin sababbin masu wannan ciwo suna da nasaba da ita, a Landan kuma kusan kashi 30 cikin 100. Ka kuma tuna cewa a Najeriya mallakar wiwi laifi ne mai ɗaurin shekaru, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ba ta aiki da dokar Kanada.

Wata uwa daga Ƙauran Namoda ta rubuto cikin damuwa: "Ɗana mai shekara 22 ya dawo daga ci-rani a Legas. Abokansa sun ce can ya koyi shan wata da ake kira Kolos. Yanzu ba ya barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Dangi sun ce iskoki ne."

Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki haƙuri. Abin da ake kira wiwi ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Sinadarin da ke bugarwa a cikinta, THC, ya yi ta ƙaruwa saboda sababbin irin shuka. A Amurka ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. A manyan biranen Kudu ana sayar da wadda ake kira Laud, mai tsananin ƙarfi, da kuma Kolos, wadda sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a masana'anta, ta yadda ko mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba. Saurayin da ya saba da ta gida, idan ya ja wannan da irin jan da ya saba, kansa na iya juyewa a dare ɗaya.

Alamomin da kika lissafa mun san su sarai. Yaro zai zauna a bakin gado yana waige-waige, ya ƙi karɓar ruwa ko daga hannun mahaifiyarsa don yana zargin an sa masa wani abu, ya toshe kunne saboda muryoyin da shi kaɗai ke ji. Wannan ciwo ne da ke da magani, kuma gwargwadon saurin fara maganin gwargwadon fatan warkewa. Ki sa babansa ko kawunsa su kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, tare da wanda zai iya faɗin abin da ya sha da lokacin da ya fara. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ku haɗa duka biyun. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗaure shi da mari, kada a doke shi, kada kuma a ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba a san su ba. A kawar da wuƙa da maganin ƙwari daga inda yake, idan kuma ya ambaci kashe kansa ko ya fara barazana, a tafi da shi a ranar ba sai gobe ba.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani mai haƙar zinare ce a yankin Anka: "Likita, a wurin aikinmu kusan kowa na sha don samun ƙarfi. Ina so in daina, amma da na kwana biyu ban sha ba sai in kasa barci, in riƙa faɗa da kowa."

Ɗan'uwa, wiwi ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan. Gajiyar take rufe maka, tana kuma rage saurin tunani da daidaiton jiki, wanda a cikin rami kan iya zama ajali. Abin da kake ji idan ka daina alamar jiki ya saba ne. Rashin barci, saurin fushi, rashin cin abinci da munanan mafarkai kan fara cikin kwana ɗaya zuwa uku, su yi tsanani a makon farko, su lafa bayan kamar mako biyu, ko da yake barci kan ɗan jima bai daidaita ba. Ka zaɓi lokacin da za ka koma gida ka bar sansanin, ka sanar da wani babba da ka amince da shi, ka rage shayi mai kauri da goro da yamma. Idan kana haɗawa da tiramol ko ƙwayoyin sa barci, kada ka yanke su kai tsaye da kanka, domin yanke ƙwayar barci farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya. Ka je babban asibiti mafi kusa a tsara maka yadda za a riƙa rage su a hankali.