Me ya sa 0.1 + 0.2 ba ya ba da 0.3?

Malam, ka ce manhajar shagonku na Kasuwar Barci tana fito da 0.30000000000000004 in ka tara 0.1 da 0.2, wallahi kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Da 0 da 1 take ajiye lamba, to 0.1 ba ya ƙarewa a tsarin nan, kamar 1 bisa 3 a namu tsarin (0.333...), sai ta datse, ɗan kuskuren nan ne ke fitowa a jimlar. Harsunan rubuta manhaja irin su Python da JavaScript duk ƙa'idar IEEE 754 ta ajiye lamba mai ɗigo suke bi shi ya sa ko'ina haka ne. Don Allah kuɗin mutane kar ka ajiye su da ɗigo, mai da komai kwabo, naira 250 ta zama 25000, sai wajen buga rasit ka raba da 100. In Python ce akwai Decimal, mai ajiye lamba mai ɗigo daidai yadda ka rubuta ta, ka rubuta Decimal("0.1").