Wasiƙar lauya ta zo, ka jefa ta a durowa

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'antar roba a Sharaɗa, Kano. Shekara biyu ke nan muna yin injin feshi na goyo, wanda muka kwaikwayi famfonsa daga na wani kamfani. Mukan sayar da kamar 1,500 a wata, ribar kowanne naira 2,000. Wata uku da suka wuce lauyan kamfanin ya aiko wasiƙa, wai sun yi wa famfon rajistar ƙirƙira (wadda ke hana wani yin irinsa ba da izininsu ba), mu daina. Ƙanin matata, wanda ke riƙe mini ofis, ya ce mu share su, ai Samsung ma ya kwaikwayi Apple, ya biya diyya, ya ci gaba da kwasar riba. Shin ci gaban ya fi riba?

Amsa: Alhaji, ba kwaikwayon ne ya fi ɗaga mini hankali ba. Wata ukun nan ne. Wasiƙar lauya tana kwance a durowa, kai kuma ka ɗauki fatawar shari'a daga bakin ƙanin matarka, wanda ba lauya ba ne, kuma ko sisinsa babu a masana'antar. Ran da aka rufe ƙofa, shi wani aikin zai nema. Kai ne mai bashin banki.

Gaskiya ne akwai kamfanonin da ke yin wannan lissafi da gangan, wani lokacin kuma ya fisshe su. A 2012 kotu a Kalifoniya ta ɗora wa Samsung diyyar fiye da dala biliyan 1, aka yi ta ɗaukaka ƙara ana rage kuɗin, sai a 2018 suka sasanta. Amma Samsung na sayar da ɗaruruwan miliyoyin waya a shekara, ga talabijin, ga firiji, ga lauyoyin da za su ja shari'a shekara bakwai ba a ji a jika ba. Kai kayanka ɗaya ne tal. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Labarin da ya kamata surukin naka ya sani na Kodak ne. Polaroid ya kai shi ƙara a 1976 kan kyamara mai fitar da hoto nan take. Kotu ta ce a tsaya, a farkon 1986 Kodak ya fita daga wannan sana'a gaba ɗaya, a 1991 kuma ya biya dala miliyan 925. Masu wayar BlackBerry ma, da kamfanin NTP ya kai su ƙara kan haƙƙin ƙirƙira, diyyar farko da aka yanke musu a 2002 kimanin dala miliyan 23 ce. Suka yi taurin kai. Da suka ga ana shirin dakatar da harkarsu a Amurka, a 2006 suka biya NTP dala miliyan 612.5. Abin da ke karya kamfani shi ne umarnin dakatarwa, shi kuma ba ya cikin lissafinku.

Dokar Najeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira ta ba mai haƙƙi damar neman diyya, da dakatarwa, da kuma a lissafa ribar da ka ci a miƙa masa. Naira miliyan 3 a wata, shekara biyu, miliyan 72 ke nan. Kana da su a ajiye? Na san amsar.

Na taɓa zama da wani mai masana'anta da ya yi irin wannan shirun. Da hantsi aka zo da takardar Babbar Kotun Tarayya, aka ƙirga kayan sito, aka hana taɓa ƙarfen zubin da ya yo oda daga Chana. Damina ta kama, dilolinsa suka koma wajen wanda ya kai shi ƙara, ba su dawo ba. Ina ganin ma'aikatansa zaune a kan buhunan ɗanyar roba suna jiran albashi. Har yau ba a kai ga maganar diyya ba, amma masana'antar ta zama wurin ajiye shinkafa.

Abin haushin, wataƙila kana da mafita mai araha. Rajistar ƙirƙira ba ta tsallake iyakar ƙasa: in a Indiya ko Jamus kawai suka yi ta, ba ta kama ka a Kano. In a Abuja ce, shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da buƙata, tana kuma faɗuwa in an daina biyan kuɗin shekara. Ofishin rajistar namu takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne, saboda haka ana iya ƙalubalantarta a kotu. In kana kai kaya Maraɗi, can rajistar OAPI ce ke aiki, wato hukumar rajistar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, a duba ta daban.

Cikin makon nan ka kai wasiƙar wajen lauyan da ya san wannan fanni, ba wanda ya yi maka takardar fili ba. In rajistarsu na da rai, ka nemi su ba ka lasisi a kan wani abu cikin naira 2,000 ɗin nan, ko ka biya injiniya ya sauya famfon. Ƙanin madam kuma a bar shi a kan rasit da lissafin sito.